Hanci da Kwiɓi a Karar Wudil

Ranar Juma'a kasuwar Wudil ke ci, kuma tun daga kan titin Kano zuwa Maiduguri za ka ga tireloli da a-kori-kura sun yi layi. A cikin kara kuwa sai ƙura, da kukan shanu, da dillalai masu sanda a kafaɗa. Baƙo ƙaho da tozo suke ɗauke masa ido. Wanda ya san dabba, hanci yake fara dubawa.

Na tsaya kusa da wani dattijon dillali yana duba wa wani mahauci bijimi. Ya shafa bakin hancin, ya ji danshi, ya gyaɗa kai. Sai ya sa yaro ya kora shi da ɗan gudu, ya zuba wa kwiɓinsa ido. "Alhaji, ka ga ya dawo bai yi tari ba, hakin ma ya kwanta nan da nan. Saya."

Abin da yake gudu shi ne ciwon huhu, wanda ke bin numfashi daga saniya zuwa saniya, musamman a cunkoso irin na kara ko mashaya. Wadda ta kamu tsayuwarta ma daban ce. Takan miƙe wuya, ta ware ƙafafun gaba, ta gantsare baya, baki a buɗe, kowane numfashi da nishi. Mahauta sun san shi daga ciki: huhu ya taurare ya manne da haƙarƙari, ƙirji cike da ruwa rawaya. Mugun abin shi ne saniyar da ta yi kamar ta warke. Tana iya riƙe cutar watanni a wani ƙulli cikin huhunta, ta ci ciyawa lafiya, ta shiga sabon garke ta raba masa. Wannan kam idon dillali ba ya kama ta, komai ƙwarewarsa.

A ɓangaren tumaki atishawa ta fi yawa. Na ga wani rago yana kaɗa kai yana goga hanci a ƙasa, majina mai kauri ta toshe masa ƙofa ɗaya. Sau da yawa tsutsar hanci ce, wadda wani ƙuda ke zubawa da ranta, ta haura ciki ta girma. Likitocin dabbobi kan ce majinar gefe ɗaya a nemi matsalar cikin hancin, ta gefe biyu kuwa a zargi ƙirji ko jiki gaba ɗaya. Idan akuya ta haɗa majina da kwantsa da gyambon baki da zawo, to annobar awaki da tumaki ce, wadda aka fara ganowa a Kwaddibuwa a 1942, ake kuma fatan kawar da ita daga duniya nan da 2030.

Ciwon huhu da annobar awaki da tumaki duka akwai rigakafinsu, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana haɗa shi. Na ciwon huhu ba ya daɗewa a jiki, sai an maimaita duk shekara, nan ne makiyaya da yawa ke sakaci.

Idan ka sayi dabba a kara, a Wudil ne ko a ina, ware ta makonni kafin ta haɗu da garkenka, kuma da ka ji tari ka kira likitan dabbobi.