Manta Uwa: Furen Da Ke Zaune Bisa Giginya A Ƙasar Rijau

Wanda ya bar Kwantagora da sassafe ya miƙi hanyar Zuru, zai ci tafiyar sama da mil 50 kafin ya isa Rijau, hedkwatar ƙaramar hukumar da ke arewacin Jihar Neja, daf da iyakar Jihar Kebbi. Ƙasa ce ta Dukawa da Kambari da Hausawa da Fulani, tana ƙarƙashin Sarkin Sudan na Kwantagora, kuma cikin garuruwanta akwai Dukku da Tungan Magajiya da Warari. Dama da hagu gonakin dawa ne da masara da gyaɗa, ga kaɗanya da ɗorawa tsaitsaye a cikinsu, can wajen fadamu da bakin ƙoramu kuma sai giginya ta ɗaga kai. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun addabi waɗansu ƙauyukan yankin, don haka baƙo ba ya kutsa daji sai da ɗan gari.

Mafi yawan matafiya ƙasa suke kallo, domin a nan abinci yake. Amma wanda ya yi sa'a ya ɗaga ido a inda itatuwa suka tsufa, zai iya hangen wani curin tsiro a maƙale a wuyan giginya ko a cikin gwafar wata babbar itaciya, kamar an ɗaure damin gajerun rake an ajiye a sama. Wannan shi ne abin da Hausawa suke kira manta uwa, waɗansu kuma su ce murucin bisa. Likitan nan Bature, J. M. Dalziel, wanda ya tattara tsirrai a ƙasar Kwantagora a farkon ƙarnin da ya wuce, ya rubuta waɗannan sunaye cikin littafinsa na sunayen itatuwa da Hausa na 1916. Sunan farko yana da dangantaka da maganin yaye, watau abin da za a ba yaro ya daina ƙulafucin nono. Sai dai sunan ya dace da shi ta wata fuska dabam, gama ƙasa ita ce uwar kowane tsiro, shi kuwa tun daga tsirarsa har mutuwarsa ba ya taɓa ta.

Turawa suna sa shi cikin dangin furannin da suke kira okid, waɗanda masana suka ƙididdige irinsu wajen 28,000 a duniya, har da banila da ake sa wa kek da askirim don ƙanshi. Sunansa a wurin masana ilmin tsirrai Ansellia africana, an kuwa raɗa masa shi a 1844 don tunawa da John Ansell, wani ma'aikacin lambu da ya biyo ayarin Ingilishi masu binciken Kogin Kwara a 1841, ya same shi a tsibirin Fanando Po. Furensa ruwan ɗorawa ne mai ɗigo-ɗigon ja-ja baƙi-baƙi, shi ya sa a ƙasashen waje ake danganta shi da damisa.

Kada mai karatu ya ɗauka kauci ne. Kauci ɓarawo ne, yana huda reshe ya sha ruwan jikin itaciya har ya raunana ta. Manta uwa kuwa baƙo ne mai kunya, wurin zama kaɗai ya roƙa. Saiwoyinsa iri biyu ne. Waɗansu masu kauri suna manne wa ɓawo, a lulluɓe da wata farar fata mai kama da soso, wadda ke tsotse ruwan sama da raɓa nan take, sa'an nan ta bushe cikin iska. Waɗansu kuma sirara ne, suna miƙewa sama tsaye kamar tsintsiya, su zama kwando mai tare busassun ganyaye da ƙura da kashin tsuntsaye. Abin da ya ruɓe a cikin kwandon nan shi ne takinsa. Kararensa masu kauri kuwa su ne randarsa, a ciki yake ajiye ruwan da zai kai shi ƙarshen rani.

To, a nan ne masu sha'awar furanni a birane suke yin kuskure. Ma'aikaci zai sayi okid mai tsada a Abuja ko Kaduna, ko a kawo masa manta uwa daga ƙauye, sai ya cika tukunya da baƙar ƙasar fadama da takin shanu, ya dasa, ya umurci yaron gida ya riƙa ban ruwa safe da yamma kamar alayyafo. Kafin wata biyu ganye ya yi rawaya, saiwa ta yi baƙi ta ruɓe. Da ya ga tsiron yana yaushi sai ya ƙara ruwa, alhali ruwan ne ya kashe saiwar da za ta sha shi. Saiwar da aka halitta don ta zauna cikin iska, in aka binne ta a laka, shaƙewa take yi.

Abin da ya kamata a zuba a tukunyar duk ana samunsa a kasuwar Rijau, ba sai an aika Ikko ba. Na farko gawayi, a farfasa shi kamar girman goro, a wanke shi sarai don toka tana ƙona saiwa. Na biyu tsingaro, watau fasassun tukwane, ko tsakuwar marmara, a shimfiɗa a gindi don ruwa ya sami hanya. Na uku busasshen ɓawon itace mai tauri, wanda aka jiƙa kwana biyu ko uku aka zubar da ruwan. In an sami ɓawon kwakwa daga 'yan kudu, a yanka shi gunduwa-gunduwa a ƙara kaɗan, domin yana riƙe laima lokacin zafi. Ɓawon gyaɗa yana da arha amma yana saurin ruɓewa, ga shi yana kiran gara. Ɓuntun shinkafa kuma yakan danƙare ya toshe iska. Ita tukunyar, ta yumɓu ta fi ta roba, gama tana numfashi, kuma babu wadda ta kai madambaci dacewa, tun da magina sun riga sun huda gindinsa. Ba a binne kararen, a bisa ake ɗora su a ɗaure da sanda har saiwa ta kama. Bayan shekara biyu ko uku, in ɓawon ya fara zama gari, a juye a sake sabo.

Game da ban ruwa, babu malamin da ya fi sararin samaniyar Rijau. Ruwa yakan sauka sosai daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, a lokacin ne tsiron yake fid da sababbin karare, kuma a lokacin ne yake son sha. In tukunyar tana rataye ƙarƙashin itaciya, damina ta ɗauke wa mai ita aiki, sai dai cikin marka a lura kada ta kwana cikin ruwa. Ranar da za a ba shi da hannu, a ba shi da safe, a kwarara har ya zubo ta ƙasa, sa'an nan a ƙyale shi. Kafin a sake, a cusa yatsa ko tsinke cikin gawayin. In akwai sanyi-sanyi, a bari sai gobe. Da hunturu ya kama sai a ja hannu, sau ɗaya a mako ya isa, ko ma kwana goma, amma a riƙa yayyafa ruwa a ƙasan wurin saboda bushewar iska. Wannan hutu na rani shi ke sa shi fure, wanda aka shagwaɓa da ruwa shekara duka yakan yi ganye ne kawai. Da bazara, sa'ad da zafin Maris da Afrilu ya tsananta, a koma bayan kwana biyu ko uku. Ruwan sama da aka tara a randa ya fi kowanne. Ruwan rijiya mai zartsi yakan bar farin gishiri a kan gawayi, ya ƙone bakin saiwa.

Akwai 'yan'uwansa na ƙasa, waɗanda masana ke kira Eulophia, masu ɗan curi a gindi kamar gwaza. Sukan ɓullo da fure ruwan hoda ko shunayya a ƙarshen rani, sau da yawa a inda gobarar daji ta wuce, tun kafin su yi ganye. Waɗannan suna son ƙasa, amma mai yashi da ruɓaɓɓen ganye, kuma da zarar ganyensu ya bushe sai a daina ba su ruwa har wata bazara.

Abin takaici shi ne gawayin da manta uwa ya fi jin daɗin zama a cikinsa a tukunya, shi ne ke raba shi da gidansa a daji. Duk wanda ya bi hanyoyin Jihar Neja ya san buhunan gawayi da ake jerawa a bakin titi ana jiran manyan motoci. Kirya da marke da kaɗanya suna tafiya cikin wuta, giginya kuma ana sare ta don azara. Ƙwayar irin wannan tsiro ƙanana ce kamar ƙura, ba ta tsira sai ta faɗa kan ɓawon da ke da wani irin naman gwari da zai ciyar da ita, kuma curi guda yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya cika gwafa. Gatari kuwa yini ɗaya ya ishe shi. Ƙungiyar kare halittu ta duniya ta riga ta sa shi cikin jerin tsirran da ake jin tsoron ƙarewarsu, kuma yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975 kuma Nijeriya tana cikinta, ta hana fita da kowane okid zuwa wata ƙasa sai da takardar izini.

Saboda haka bai kamata mai sha'awa ya sa a hau itaciya mai rai a ɓamɓaro masa ba. Wanda ke kan giginyar da aka riga aka kayar shi ne abin ceto, tun da in an bar shi a ƙasa rana da awaki za su gama da shi cikin 'yan kwanaki. A raba curin da wuƙa mai tsabta, kowane kashi da kara uku ko huɗu, a shafa garin gawayi a wurin yankan. Kashi ɗaya ya shiga madambaci, sauran a ɗaure su da igiyar rama a gwafar mangwaro ko tsamiyar ƙofar gida, ta gefen da ke samun hantsi. Kafin igiyar ta ruɓe saiwa ta kama ɓawo.