Tunkuɓa da Laka

Idan damina ta kankama a duwatsun Habasha, Nilul Azrak yakan iso mana Mai Wurno jawur, ɗauke da kaya iri biyu. Yaranmu na yanzu, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, duk "datti" suke ce musu. Iyayenmu kuwa sun raba sunayen.

Abin da ke yawo a saman ruwa, karare da busasshiyar ciyawa da ɓawon itace da kumfa, wani sa'in har mushen akuya, shi ne tunkuɓa. Ba ta da nauyi, ba ita ke zaɓen hanya ba. Inda ruwa ya gaji nan yake yar da ita, ambaliya ta gaba kuma ta kwashe ta. Da wannan kalma malamanmu na tafsiri suke fassara "gusa'u" ta Larabci. In iska ce ta kwaso irin wannan tarkace ta tara a gindin danga, yayi ake cewa.

Ɗaya kayan kuwa ba ya bayyana sai ruwa ya janye. Ita ce laka, wadda maƙwabtanmu ke kira ɗami. Tana tafiya a cikin ruwan, tana da nauyi, in ta sami wuri sai ta kwanta. A kanta ake noman jaruf na bakin kogi, kuɓewa da albasa da wake, ba a nemi taki ba. Da ita ake buga jan tubalin gina gidaje. Ita ma daga nesa ta zo, amma ba mu taɓa jin manomin da ya tambaye ta asalinta ba.

Mun tsaya kan wannan ne saboda maganar da muka sha ji, musamman tun rikicin Yulin 2022 a jihar Nilul Azrak, wai mu baƙi ne da guguwa ta watso. Wasu samarinmu har sun fara ɗaukar kansu haka, kuma wannan ya fi zagin ciwo. Gaskiya ne kakanninmu sun taso daga yamma bayan yaƙin Burmi na 1903, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya sauka da su nan wajen 1906. To, tunkuɓa ba ta ganin ambaliya biyu a wuri guda. Garin nan ya ga fiye da ɗari, ya girmi madatsar Sinnar da aka gama a 1925, balle ta Rusairis ta 1966.