Murjani da Baƙonsa

Kalmar "murjani" daga Larabci ta shigo Hausa, kuma abin da akasarin Hausawa suka sani da ita shi ne jan dutsen ado da mata ke ratayawa a wuya. Hausawan Sudan kuwa sun san wani murjanin daban. Mutanen da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, sun kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da yawa daga cikin mazauna wannan yanki da ƙauyukan Jazira niyyar Hajji ce ta kawo su. Sukan yi noma ko tsintar auduga su tara guzuri, sannan su nufi Sawakin domin tsallaka Bahar Maliya. Gidajen tsohon birnin Sawakin da farin dutsen murjani aka gina su, wanda aka saro daga teku.

Wannan dutse ƙananan dabbobi ne suke gina shi, kuma ba su kaɗai suke aikin ba. A cikin naman jikinsu akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani. Murjani yana ba ta masauki, ita kuma tana sarrafa hasken rana ta ciyar da shi, har takan samar masa da kusan kashi 90 cikin 100 na abincinsa. Launinsa ma daga gare ta yake. A tsakanin rassansa kuma akwai ƙananan ƙaguwoyi da ke cin yauƙin jikinsa, su biya shi da korar wata dabba mai ƙaya da ke cinye shi. Wannan shi ne zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka.

Zafi ne ke warware wannan amana. Idan ɗumin ruwa ya haura yadda aka saba a tsakiyar bazara da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe na makonni, aikin gansakukar yakan rikice har ta fara cutar da mai masaukinta. Sai murjani ya fitar da ita, ya koma fari fat. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta kama shi. In ruwa ya huce da wuri, baƙuwar takan dawo. In zafi ya ɗore, murjani ya mutu, ƙaguwa ta rasa gida, kifi ya watse, masunci ya dawo da koma babu komai.

An ga irin wannan farin a tekunan duniya a 1998 da 2010, sannan daga 2014 zuwa 2017, kuma a Afrilun 2024 aka tabbatar da karo na huɗu. Abin da Sudan za ta iya rasawa ba kaɗan ba ne. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya murjanin Sanganeb da gaɓar Dungonab cikin jerin wuraren gado na duniya.

Manomin Mai Wurno yana da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, amma lamarin ba baƙo ba ne a gare shi. Zuriyar mahajjata ce da ta zauna a ƙasar wasu, ta noma, ta ciyar, aka ciyar da ita. Ya san cewa a lokacin wadata ba wanda ke tambayar wane ne baƙo. Sai tsanani ya zo ake tambaya, kuma wanda ya kori abokin zamansa a irin wannan lokaci yakan kwana da yunwa.