Labarin Gida Ga Wanda Ke Bakin Daga

A hutun da ya wuce, tsohuwarmu ta sa mu kakkaɓe wata tsohuwar adaka, muka tarar da wasiƙu tara a ƙunshe cikin tsumma. Kakanmu ne ya rubuta su sa'ad da ya ke ɗan Midil, zuwa ga wansa, wanda ya ke cikin sojan Afirka ta Yamma da aka kai Indiya a 1943. Daga can aka wuce da su ƙasar Bama, suka gwabza da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944. Shi ya komo da wasiƙun cikin kayansa a 1946.

Galibinsu ƙananan labarai ne. Bayan gaisuwa, sai a ce damina ta yi albarka, gero ya cika rumbu biyu, jar akuya ta haifi tagwaye, katangar yamma ta zube an tayar. Gishiri da alawayyo sun yi tsada saboda yaƙi. Da fari muka yi dariya, muka ce ina ruwan mai jin ƙarar igwa da haihuwar akuya? Tsohuwa ta ce mu yi hattara, irin wannan labari shi ke tabbatar wa na nesa gida na nan, kuma ba a fid da shi daga lissafi ba.

Amma akwai wasiƙu uku da suka sha bamban. Mahaifinsu ya rasu da kaka, manya suka hana a faɗa, wai kada zuciyarsa ta karye a gaban abokan gaba. Saboda haka sau uku kakanmu ya rubuta, "Baba yana gaishe ka." Ashe wani ɗan garinmu da ke kamfani ɗaya da shi ya sami labarin cikin tasa wasiƙar, ya zo ya yi masa ta'aziyya. Tsohuwa ta ce tun daga ran nan bai ƙara gaskata kalmar "lafiya" a takarda ba. Kome aka rubuta masa sai ya zaci wata gawa a ke rufewa.

Abin da ya sa muka kawo wannan zance, wanmu yana bakin daga a ƙasar Barno, kuma cikin hutun nan ƙyanda ta ɗauke ɗansa na fari. Aka taru a zaure, kawunmu ya ce a yi shiru sai ya zo hutu. Muka durƙusa muka ce, "Kawu, a gafarta mana," muka karanta musu wasiƙun nan uku. Aka daɗe ba wanda ya tanka. Kāna aka ce mu rubuta.

Muka fara da sunan Allah, muka faɗi rasuwar a fili, da ranar, da wanda ya yi salla. Sa'an nan muka ba shi labarin matarsa, da gona, da rijiyar da aka yashe, domin ya san sauran gida na tsaye.

Ya ku 'yan'uwa, gobe mu ne malaman ƙauye, kuma mu za a riƙa kawo wa takarda a ce mu rubuta. Alƙalamin nan amana ne. A tausasa magana gwargwadon iko, amma kada a aika da gaisuwar wanda ke kabari. Allah ya komo da na nesa lafiya, amin.