Kwana a Gindin Duwatsun Poli

Daga Garwa muka ɗauki hanyar Ngaundere, muka ratse yamma zuwa Poli, hedikwatar yankin Faro, inda dutsen Hosere Vokre ya tashi sama da mita 2,000. Niyyata in kafa tanti bayan gari. Na hango fili mai yashi mai laushi, raina ya kwanta da shi. Wani dattijo Bafillace ya ce mini, "Ɗana, wannan hanyar ruwa ce. Ko nan bai zuba ba, in ya zuba kan dutse zai same ka."

Shi ya kai ni wurin jauro. Muka gaisa, na miƙa goro, aka nuna mini gefen gonar dawa da aka girbe. Aka roƙe ni kada in hura wuta kusa da ciyawa, kada kuma in taɓa duwatsun da 'yan ƙabilar Doyayo ke girmamawa.

Na daɗe ina tunanin wannan. Dajin da baƙo ke gani ba mai shi, kowace kusurwarsa da mai ita. Idan hanya ta kai ka Poli, fara da gidan jauro, kuma ka riƙo bargo, sanyin asuba a can ba wasa ba ne.