Tsatsa Ba Ta Jin Guduma: Darasi Daga Wata Rumfar Gyaran Babur A Kebbe

Mutane da dama kan rikita Kebbe da Kebbi, alhali kuwa kowacce da gidanta. Kebbe ƙaramar hukuma ce a kudancin Jihar Sakkwato, tana maƙwabtaka da Tambuwal, kuma su biyun ne ke da kujera guda a Majalisar Wakilai ta Tarayya, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya riƙe daga 2003 zuwa 2015. Ƙasa ce ta noma da kiwo, mai gero da dawa a tudu, da shinkafa da albasa a fadama. Duk wanda ya bar babban titin Sakkwato zuwa Jega ya nausa cikinta, zai lura cewa motoci na raguwa, babura na ƙaruwa, har ya kai inda babur ne kaɗai ke da ikon wucewa.

A ƙauyukan da ke kewaye da Kuchi da Margai da Ungushi, babur ya gaji aikin jaki da na motar asibiti gaba ɗaya. Shi ke kai buhun hatsi kasuwa, shi ke ɗauko taki, shi ke kai mai naƙuda wurin ungozoma da tsakar dare. Da rani yana kutsawa cikin rairayi, da damina ya faɗa taɓo da ruwa har iya gwiwa. Bajaj ne ko Jincheng, ba a ƙera shi don irin wannan azaba ba, amma ita ce abincinsa kullum.

Akwai wani wuri a jikin babur da ke shan wannan wahala ba tare da an gan shi ba. Tayar baya tana maƙale ne a wani ƙarfe mai rassa biyu, wanda ke lilo sama da ƙasa duk lokacin da aka faɗa rami. Gindin wannan ƙarfe yana haɗe da gangar jikin babur ta hanyar wata doguwar ƙusa da ta ratsa shi, kuma a kewaye da ƙusar akwai bushi, wasu baburan kuma boris, domin lilon ya tafi sumul. Idan ruwa ya shiga nan, giris ya wanke, sai tsatsa ta kama. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma, saboda haka takan cika ɗan sararin da ke tsakani, ta ɗinke ƙusa da bushi da mazauninsu su zama abu guda. Daga nan sai baya ya fara rawa, sarƙa ta riƙa zamewa, taya ta ci gefe ɗaya. Babur mai ɗauke da mutum uku da buhu idan ya yi wannan rawa a kan gangara, maganar rai ake yi.

A wata rumfar kwano da ke bakin hanya a garin Kebbe na ga yadda ake raba wannan gardama. Wani manomi ne ya turo tsohon baburinsa, kwana biyu kafin ranar kasuwa. Yaron shago ya kwance noti, ya ɗauko guduma zai hau dukan ƙusar, sai maigidansa ya riƙe masa hannu. Dalilinsa a fili yake: duka yana baje kan ƙusa ya yi mata hula, kuma ƙusar da ta yi hula ba ta ƙara bi ta ramin da ta shiga.

Abin da ya fara yi shi ne tsiyaya kananzir gauraye da mai a bakin ramin ta kowane gefe, ya jingine babur ɗin a karkace domin ruwan ya gangara ciki, ya koma kan wani aikin. Bayan sallar azahar ya dawo, ya mai da notin bakin ƙusar don kare zarenta, ya sa sifana yana murɗa ta gaba da baya kaɗan-kaɗan, har wani jan ruwa ya fara tsattsafowa. Sai a lokacin ya ɗora wani siririn ƙarfe a kanta, ya riƙa bugu a hankali har ta leƙo ta ɗaya gefen.

Saura bushin kansa, wanda ya ƙi ko motsi. Aka kai ƙarfen wurin mai walda da ke kusa, aka gasa bayan mazaunin, domin ƙarfe idan ya ji zafi yakan buɗe, tsatsar da ke ciki ta farfashe. Sannan ya zura dogon ƙarfe mai zare ta tsakiya, ya sa guntun bututu a gefe guda, yana ɗaure noti yana jawo bushin cikin bututun. Ɗaya ya fito da ƙara kamar an ɓalle ƙashi. Na biyun ya tubure, robarsa ta ƙone ta bar zoben ƙarfe manne da bango. Nan ya cire bakin zarto ya zura shi cikin ramin, ya yanka zoben a tsaye, yana tsayawa yana dubawa don kada ya ci mazaunin. Da zoben ya tsage, sai ya saki jiki ya faɗo da ɗan taɓi.

Manomin ya tambaye shi abin da zai hana a maimaita. Ya ce masa, cikin harshensu na Sakkwatawa: “Baba, in damana ta wuce ka kawo shi mu kwance mu sa mishi giris. Shi ke nan.” Aikin da bai kai rabin sa'a ba, da giris cikin cokali, shi ne rashinsa ya cinye yini guda, da kuɗin walda, da kuɗin sabon bushi.

Wannan ne ya tsaya mini a rai game da Kebbe, kuma ina ganin ya wuce maganar babur. Mun saba da jiran abu ya ƙafe kafin mu waiwaye shi, sannan mu zo masa da guduma. Haka muke yi wa kwalbatin da yashi ya toshe, har ruwa ya yanke hanya a nemi miliyoyi. Haka muke yi wa famfon tuƙa-tuƙa da rufin aji. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, sabon babur ya fi ƙarfin yawancin manoma, tsohon da ke hannu shi ne jari. Wanda bai iya sayen sabo ba, rigakafi ne arzikinsa.

Akwai kuma haƙƙin su waɗannan makanikai. Abin da na gani a rumfar nan ilimi ne na faɗaɗar ƙarfe da halin tsatsa, irin wanda ɗalibanmu ke haddacewa don jarrabawa, su kuwa suna aiki da shi da hannu ba tare da takarda ba. Ƙananan hukumomi irin Kebbe da Tambuwal za su iya tallafa musu da abin da bai taka kara ya karya ba: na'urar matse bushi guda ɗaya da ƙungiyarsu za ta riƙa amfani da ita, da ɗan horo ga yaran shago, da tunatar da masu babura a tasha da kasuwa cewa ƙarshen damina lokacin sa giris ne. Makarantun koyon sana'a kuma su daina kallon rumfar bakin hanya a matsayin wurin waɗanda boko ya kayar.

Hanyoyin karkara za su ɗauki shekaru kafin kwalta ta kai ko'ina. Kafin wannan rana, lafiyar mai naƙuda da kuɗin albasar manomi suna rataye ne a kan wata ƙusa da ba a gani, da kuma hannun wanda ya san lokacin da ake ajiye guduma.