Sabon Gida Don Tsofaffin Wasiƙu

Kowace wasiƙa tana buƙatar wurin ajiya. Iyayenmu sukan adana nasu a cikin akwati ko adaka, su sa makulli. Mu kuma da muke aika saƙon imel, wasiƙunmu suna kwance ne a cikin fayil na kwamfuta. Kamar yadda akwati yake cika ko ya yi tsatsa, haka shi ma fayil yake tsufa.

Manhajar da nake amfani da ita ita ce Outlook. Tana tara saƙonni da adireshin mutane da jadawalin aiki a cikin fayil guda da ake kira PST. Irin wannan fayil kashi biyu ne. Tsohon salo, wanda ake kira ANSI, shi ne aka yi amfani da shi daga Outlook 97 zuwa Outlook 2002, kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce gigabait 2. Idan ya kusa cika, manhajar takan yi nauyi, wani lokaci ma fayil ɗin ya lalace. Sabon salo, mai suna Unicode, ya zo ne da Outlook 2003. Ya fara da gigabait 20, daga Outlook 2010 kuma aka ƙara shi zuwa 50.

Fayil ɗina na tsohon salo ne, kuma ya kusa cika. A cikinsa akwai wasiƙun malamin da ya koya mini nahawu, wanda ya rasu, Allah ya jiƙansa. Shekara da shekaru yana gyara mini darussan da nake shiryawa, jimla bayan jimla. Ba ni da waɗannan gyare-gyare a takarda. Idan fayil ɗin ya lalace, sun tafi ke nan.

Ban da girma, akwai abin da ya shafi harshenmu kai tsaye. Tsohon salo ba ya riƙe haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, musamman a kan saƙo da sunayen mutane. Sau da yawa sai ka ga alamar tambaya a gurbinsu. Mai koyon Hausa ya san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙasa daban take da kasa, haka ma ƙafa da kafa. Unicode kuwa ya ba kowane ɗaya daga cikin waɗannan haruffa lambarsa ta kansa, babba da ƙarami.

Ba a mayar da tsohon fayil sabo da danna maɓalli ɗaya. Sai dai a yi ƙaura. Da farko na kwafi tsohon a kan faifan ajiya, na ware shi gefe, domin rigakafi ya fi magani. Daga nan na buɗe sabon fayil a salon Unicode, na umarci manhajar ta kwaso duk abin da ke cikin tsohon ta zuba a ciki. Da aikin ya kammala, na bi jaka-jaka ina ƙirga saƙonni, ina gwada adadin nan da na can, har na tabbata ba a bar ko ɗaya a baya ba.

Haruffan da suka riga suka zama alamar tambaya ba su dawo ba, domin ƙaura ba ta mayar da abin da ya ɓace. Amma duk saƙon da zai shigo daga yanzu zai zauna da haruffansa cif-cif.

Saboda haka, ɗalibai, duk abin da kuka rubuta a kwamfuta, ku san irin salon da aka adana shi, ku kuma ajiye kwafi a wani wuri dabam. Kada ku jira sai akwati ya ƙi buɗuwa kafin ku nemi sabo.